An miƙo mini kujerar koci ana saura wasa tara: in karɓa ko in ƙi?

Assalamu alaikum. Shekarata 34, ɗan baya ne ni, kuma ni ne kyaftin a ƙungiyar da na daɗe ina yi wa wasa. Gwiwata ta hagu ta gaji, bayan kowane wasa sai ta kwana biyu a kumbure, likita kuma ya ce wannan kakar ta zama ta ƙarshe. Makon jiya aka sallami kocinmu. Mu ne na biyu daga ƙasan tebur, saura wasa tara. Shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce in rataye takalmi in karɓi aikin horarwa, wai yara suna jin maganata. Ba ni da lasisi ko ɗaya, ban taɓa horar da kowa ba. Abokan wasana na cewa in karɓa, a gida ma ana cewa irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Can baya an yi mini tayin riƙe 'yan ƙasa da shekara 15 na ƙungiyar in na daina wasa, amma albashin bai kai rabin wanda nake karɓa yanzu ba. Burina in zama koci na gaske. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, Kyaftin. Allah ya ba gwiwa lafiya.

Ba zan ja ka da nisa ba kafin ka ji matsayata: kada ka karɓi kujerar nan a yadda aka miƙo maka ita. Ban ce ka juya wa ƙungiyarka baya a ranar da take neman ka ba, akwai yadda za ka taimaka, kuma zan zo kansa. Amma kai da bakinka ka ce burinka ka zama koci na gaske, wato mutumin da zai shekara ashirin ko talatin yana wannan sana'a. Wasa taran nan na iya cinye maka waɗannan shekaru tun ba ka fara ba.

Akwai tambayar da ban ga ka yi wa kanka ba: me ya sa kai? Shugaba ya ce yara suna jin maganarka, kuma na yarda suna ji. Sai dai duba lissafinsa. Gogaggen koci mai lasisi, in aka kira shi ya ceci ƙungiyar da ke bakin rami a irin wannan lokaci, zai nemi kuɗi mai kauri, ya nemi ladan tsira daban, ya zo da mataimakansa, ya kafa sharuɗɗa. Wataƙila ma an kira biyu ko uku sun ce a kai kasuwa. Kai kuwa kana gida, albashinka na cikin kasafi tun farkon kaka, kunya da kara ba za su bar ka ka kafa sharaɗi ba, sannan magoya bayan da ke zagin shugabanni tun daga ƙofar fili za su sassauta in suka ga nasu a bakin layi. In an tsira, shugaba ne mai hangen nesa. In an faɗi, ai an ba ɗan gida dama ya kasa. Ban ce mutumin yana nufin ka da sharri ba, mai yiwuwa yana ƙaunarka har zuci. Amma a wannan ciniki duk asarar a wuyanka aka rataya ta.

An taɓa yin irin wannan a idon duniya. A watan Afrilun 2009 Newcastle na shirin faɗowa daga gasar Firimiya ta Ingila, saura wasa takwas, sai aka ɗauko Alan Shearer, wanda ya fi kowa ci wa ƙungiyar ƙwallo a tarihinta, kuma bai taɓa riƙe wata ƙungiya ba. Babu mai shakkar cewa 'yan wasa na ganin girmansa. Ya ci wasa ɗaya, ya yi canjaras biyu, aka doke shi sau biyar, Newcastle ta faɗi. Tun daga nan bai sake horar da wata ƙungiya ba. Shi aikin sharhi a talabijin na jiran sa, ya koma abinsa. Kai me ke jiran ka?

Buga ƙwallo da koyar da ita sana'o'i biyu ne, fili kawai suka haɗa. Ɗauki abin da ka fi iyawa. Ka san daidai lokacin da za ka ɗaga layin baya a kama ɗan gaba da satar gida, ka kuma san lokacin da za ku ja baya domin babu wanda ya matsa wa mai riƙe da ƙwallo. Amma wannan sani a ƙafarka yake da idonka. Ba ka tunani kafin ka aikata shi, shekaru ne suka dasa maka. To a ce akwai yaro ɗan shekara 21 a gefenka da kullum yake makara da taku ɗaya, ana ratsa ku ta wajensa. Kyaftin zai daka masa tsawa, ya kuma ruga ya toshe ramin da kansa. Koci ba ya shiga fili. Dole ya gano ko yaron ƙwallo yake kallo ya manta da mutum, ko tsayuwar jikinsa ce a karkace, ko tsoron gudun abokin karawa ne ke sa shi noƙewa. Bayan ya gano, ya ƙirƙiro atisayen da zai maimaita wa yaron wannan yanayi sau da yawa cikin minti ashirin, ba tare da sauran 'yan wasa sun tsaya suna hamma ba. Wannan ƙirƙira ita ce aikin, kuma yawan wasannin da mutum ya buga ba ya ba shi ita.

Ƙara da abubuwan da ɗan wasa ba ya gani ko ya tsufa a ƙungiya, domin shi zuwa yake ya tarar an jera kayan atisaye. Wani ne ya raba dare yana tsara makon: ranar da za a wahalar da jiki da ranar da za a sassauta, abin da ya kamaci wanda ya buga minti 90 washegarin wasa da abin da ya kamaci wanda ya wuni a benci, minti nawa mai dawowa daga rauni zai iya ɗauka, wa zai tsare wa a bugun kusurwa, ina abokan karawa ke jefa ƙwallo da zarar sun ƙwace. Hutun rabin lokaci minti 15 ne. Kafin a shiga ɗaki, a sha ruwa, a duba masu ciwo, abin da ya rage maka kaɗan ne, kuma a cikinsa za ka zaɓi abu biyu ka faɗa daga cikin goman da ka gani. Kai, ganin ma sai an koya. Daga tsakiyar baya wasa a shimfiɗe yake a gabanka. Daga bakin layi a kaikaice kake kallon sa, ɓangaren can nesa ya cakuɗe, mataimakin alƙali na gilmawa, ihu na tashi a bayanka. Ido na bukatar lokaci kafin ya saba, kai kuma kowane kuskure naka maki uku ne.

Shi ya sa girman suna a fili ba ya auna abin da mutum zai yi a benci. Maradona ya riƙe Ajantina, Bolibiya ta zura masa 6 da 1 a 2009, Jamus ta fitar da shi da 4 da nema a gasar cin kofin duniya ta 2010. Andrea Pirlo an ɗora shi a kan Juventus a 2020 bai taɓa jagorantar wasa ko ɗaya ba, ƙungiyar da ta ci gasar Serie A ta Italiya sau tara a jere ta ƙare a ta huɗu, aka sallame shi bayan kaka ɗaya. A ɗaya gefen ga Arrigo Sacchi, wanda bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, takalma ma yake sayarwa, amma ya ci wa Milan kofin Turai a 1989 da 1990. Da aka yi masa gorin rashin buga ƙwallo, cewa ya yi bai san sai mutum ya fara zama doki kafin ya zama mahayi ba. Mourinho da aikin tafinta ya shigo, yana fassara wa Bobby Robson. A duk tarihin kofin duniya na maza mutum uku ne suka ɗauka suna 'yan wasa suka sake ɗauka suna masu horarwa: Zagallo, Beckenbauer da Deschamps. A kofin Afirka mutum biyu ne, Mahmoud El-Gohary na Masar da Stephen Keshi. Wasan da ka buga ba banza ba ne, ka san ƙamshin ɗakin sauya kaya, ka san yadda ɗan wasa ke ɓoye ciwo, ka san ƙaryar da ake yi wa koci. Jari ne mai kyau, amma sai an juya shi.

Sai maganar da ta fi damuna, wato su yaran da ke jin maganarka. Jin maganar ɗan'uwa suke yi maka. Kai kake shiga ofis ka yi musu faɗan albashi da alawus, kai suke kai wa ƙarar koci, tare kuka yi gulmar wanda aka kora a kujerun bayan mota. Ka san mai fitar dare a cikinsu, su ma sun san naka. Ranar da ka liƙa sunaye goma sha ɗaya a bango, fiye da rabin ɗakin ba sa ciki, kuma a cikinsu akwai wanda kuke kwana ɗaki ɗaya in an yi tafiya, wanda wataƙila shi ya fi kowa zuga ka ka karɓa. Ka tambayi kanka me ya sa yake zuga ka. Wasu ƙauna ce tsakani da Allah. Wasu kuwa sun ƙaddara cewa abokinsu ba zai ajiye su ba. In ka sa shi alhali ƙafarsa ta mutu, matasa sun gane cewa zumunci ke ba da riga, sun daina yi maka gudu. In ka ajiye shi, ya ce kujera ta canza ka, kuma yana da masu saurarensa. Koci baƙo yana yanke irin wannan hukunci ya tafi gida ya yi barcinsa. Kai za ka yanke shi a kan mutanen da matansu suka san matarka, a makon da kowa ke tsoron albashinsa zai ragu in an faɗi.

Na san za a kawo maka labarin Jürgen Klopp, gara in riga su. Gaskiya ne, a Fabrairun 2001 yana ɗan bayan Mainz, ƙungiyar na neman faɗowa daga rukuni na biyu a Jamus, aka kori koci aka ce ya karɓa, ya karɓa ya tsirar da su. Amma masu ba da labarin suna tsallake abu biyu. Mutumin yana da digirin kimiyyar wasanni daga jami'a a Frankfurt tun yana buga ƙwallo, ya kuma yi shekaru yana nazarin tsarin tsohon kocinsa Wolfgang Frank, don haka ranar da ya karɓa yana da abin koyarwa a hannu. Na biyu, ƙungiyar ta yi haƙuri da shi irin wanda ba a cika gani ba: ya rasa hawa rukuni na ɗaya da maki ɗaya a 2002, ya sake rasawa da ƙwallo ɗaya a 2003, ya hau a 2004, ya faɗo a 2007, duk ba a kore shi ba. Kai ka fi ni sanin shugabanka. Koci nawa ya sallama tun da ka zo ƙungiyar? Amsar ita ce gwargwadon haƙurin da zai yi da kai. Gareth Southgate ma daga kyaftin ya zarce kocin Middlesbrough a 2006, sai da aka nema masa izini na musamman domin ba shi da babban lasisi. Ƙungiyar ta faɗi a 2009, aka sallame shi, bai sake riƙe tawaga ba sai 2013, kuma da ya dawo ta wajen matasan Ingila 'yan ƙasa da 21 ya dawo. Matakin da ya tsallake sai da ya koma ya taka shi.

Batun lasisi kada ka ɗauke shi takarda kawai. A Afirka hukumar CAF na da matakai daga D, C, B, A har zuwa Pro, a Turai UEFA na da C, B, A da Pro, kuma tsakanin mataki da mataki ana so mutum ya yi aiki a fili na wani lokaci kafin ya wuce. Manyan gasanni na da mafi ƙarancin lasisin da babban koci zai riƙe kafin ya zauna a benci. To in ba ka da ko ɗaya, ta yaya shugaba zai sa ka? Hanyar da aka saba ita ce a rubuta sunan wani mai lasisi a takardar wasa, kai a kira ka mataimaki ko jami'i, amma kai ke ba da umarni. Zidane kansa bai tsira da wannan ba. A 2014 yana horar da ƙungiya ta biyu ta Real Madrid, sunan wani ne a takarda, hukumar ƙwallon Sifaniya ta dakatar da shi wata uku, sai da aka ɗaukaka ƙara aka janye. Shi yana da lauyoyin Real Madrid a bayansa. Ban da haɗarin hukunci, akwai wata asarar: in kun tsira, a rubuce wani ne ya tsirar da ku, in kun faɗi, duk duniya ta san kai ne.

Yanzu duba waɗanda suka daɗe a sana'ar, daga ina suka fara. Guardiola, da duk sunansa, ƙungiya ta biyu ta Barcelona ya karɓa a 2007, a rukuni na huɗu. Zidane ya rataye takalmi a 2006, ya yi mataimakin Ancelotti, ya riƙe ƙungiya ta biyu, bai hau babbar kujera ba sai Janairun 2016, sannan ya ci kofin zakarun Turai sau uku a jere. Xabi Alonso da yara 'yan ƙasa da 14 ya fara a 2018, ya yi shekara uku a ƙungiya ta biyu ta Real Sociedad. Lokacin da ya karɓi Leverkusen a Oktoban 2022 ita ma ta biyu ce daga ƙasan tebur, kamar taku, sai dai shi ya zo da shekara huɗu na koyo, kuma kaka ba ta yi nisa ba. A kakar da ta biyo ya ɗauki kofin gasar Bundesliga ta Jamus ba a doke shi ko sau ɗaya a gasar ba. Emmanuel Amuneke, gwarzon Afirka na 1994 wanda shi ma gwiwa ce ta rage masa kwana a fili, mataimakin Manu Garba ya yi lokacin da Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2013, ya ci nasa a 2015, ya kai Tanzaniya gasar Afirka ta 2019, rabonta da zuwa tun 1980. Aliou Cissé daga 'yan ƙasa da 23 na Senegal ya taso.

Ba ladabi ne ya kai su can ba, amfanin wurin suka gani. Yaro ɗan shekara 14 ba ruwansa da kofunan da ka ci. In bayaninka bai fita ba, a fuskarsa za ka gani nan take, ba zai gyaɗa kai don ya kare albashi ba. A nan za ka koyi magana gajera, ka gwada tsari ya rushe ka gyara, ka yi canjin da bai yi ba, babu ɗan jarida, babu wanda abincinsa ya zube. Ka dai riƙe cewa yaran nan amana ce, ba tsani kawai ba. Kocin matasa da ya sa cin wasa a gaba, yana tara masu manyan jiki yana barin ƙanana masu basira a benci domin a ce ya ci kofi, ya cuci yaran kuma bai koyi komai ba.

Ga abin da nake ganin za ka kai wa shugaba, kuma ka je da wuri, kada ka bari jita-jita ta riga ka. Ka gode masa, ka ce ƙungiyar ta fi ƙarfin a yi gwaji da ita a wannan hali, a nemo mai lasisi wanda ya taɓa fitar da ƙungiya daga irin wannan rami, kai kuma ka ɗauki alkawarin riƙe masa ɗakin: ka zama gadar da ke tsakaninsa da 'yan wasa, ka buga wasannin da likita ya yarda ka buga, sauran ka zauna kusa da shi. Wannan taimako ne na gaske, domin abin da ke kayar da sabon koci a ƙarshen kaka shi ne bai san mutanen ba, kai kuwa ka san su. A madadin haka ka nemi a rubuta maka abu uku: aikin 'yan ƙasa da 15 daga kaka mai zuwa na aƙalla shekara biyu, ƙungiya ta biya kuɗin kwas ɗin lasisinka ta kuma ba ka lokacin zuwa, sannan a bar ka kana zama a taron masu horar da manya. Yau suna bukatarka, yau ne maganarka ke da nauyi. Ka tuntuɓi hukumar ƙwallon ƙasarku ma, domin wasu hukumomin suna taƙaita wa waɗanda suka daɗe suna wasa a matakin ƙwararru hanya.

Mai yiwuwa ka karanta duk wannan zuciyarka ta ce sai ka karɓa. Rayuwarka ce. In haka ne, kada ka taka fili sai an rubuta cewa riƙon ƙwarya ne zuwa ƙarshen kaka, kuma ko an tsira ko an faɗi aikin matasa na nan yana jiran ka. A kawo maka gogaggen mataimaki wanda kai ka zaɓa. A fayyace cewa kai ke fitar da 'yan wasa, domin shugaban da ya naɗa yaronsa yakan ɗauka ya sayi damar aiko da sunaye ta waya. A kuma warware kwantiraginka na ɗan wasa a biya ka abin da ya rage kafin ka sa hannu a sabo. Tun 2021 dokokin FIFA suka tanadi babi na musamman a kan kwantiragin masu horarwa, amma kotunta na sauraron koci ne in baƙo ne a ƙasar da yake aiki. In a ƙasarka kake, hukumar gida ce gatanka, ita kuma da abin da ke rubuce take aiki. Alkawarin baki a ofishin shugaba ba ya zuwa ko'ina.

Maganar kuɗi ba zan yi maka daɗin baki ba. Rabin albashi rabin albashi ne, kuma mutanen gida da ke cewa ka karɓa ba kwaɗayi ne ke damun su ba, tsoro ne, kuma suna da hujja. Ka zauna da maiɗakinka da alƙalami, ku fitar da abin da gida ke ci a wata, da abin da za a iya ragewa, da watannin da ajiyarku za ta ɗauke ku. Ka nuna mata lissafin ɗaya gefen ma: babban albashi na wata biyu ko uku da zai iya ƙarewa da sallama, a gefe guda kuma ƙaramin albashi na shekara biyu da lasisi a ƙarshensa. Wani abu da 'yan wasa ke mantawa: in gwiwar nan na bukatar aiki, a yi shi tun kana ɗan wasan ƙungiya, lokacin da jinyarka ke wuyansu. Ranar da ka sa hannu ka bar wasa, zance ya canza. Koci kuma a tsaye yake wuni.

Su kuma masu cewa dama ba ta zuwa sau biyu, ba su san wannan sana'a ba. Babu aikin da kujerarsa ke yawan zama fanko kamar na koci, kowace kaka ana kora ana ɗauka. Kujera ba ta wuya, wanda ya shirya mata ne ke wuya. Keshi ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, bai ɗaga shi yana koci ba sai 2013, shekara 19 tsakani. A cikinsu ya kai Togo gasar kofin duniya ta 2006, karon farko a tarihinta, aka sallame shi kafin a je, wani ya tafi da tawagar. Ya riƙe Mali, nan ma aka rabu. Pitso Mosimane an kore shi daga tawagar Afirka ta Kudu a 2012, ya je Sundowns ya ci kofin zakarun Afirka a 2016, ya ƙara biyu da Al Ahly. Kora na cikin aikin, kai ma za ta same ka wata rana. Bambancin shi ne, wanda aka kora yana da lasisi da tarihin aiki gobe wani zai kira shi. Wanda aka kora bayan wasa tara, ba takarda, abin da kawai aka sani game da shi shi ne ƙungiya ta faɗi a hannunsa.

Kada ka jira kwas kafin ka fara koyo. Sayi littafi, kowane atisaye da aka yi ka rubuta shi, ka rubuta abin da kake jin ana nema da shi, da ko an samu. Roƙi sabon koci ya bar maka minti goma sha biyar da 'yan baya, ka sa a ɗauke ka a waya, ka kalla da dare. Za ka sha mamakin yawan surutunka da ƙarancin lokacin da ƙwallo ke motsi. Zauna da mai horar da masu tsaron gida, zauna da 'yan gaba ka ji yadda suke ganin fili, domin tsohon ɗan baya yakan gina ƙungiyar da ba a cin ta, ita ma ba ta ci. Koyi yanka bidiyon wasa a kwamfuta. Sannan ka ziyarci kocin da aka kora. A yau babu wanda ya fi shi lokaci, babu wanda ya fi shi sanin ciwon ƙungiyarku da halin shugabanninta, kuma wayarsa ta yi shiru tun makon jiya. Zai gaya maka abin da ba a koyarwa a aji.

Akwai kuma abin da ba ka rubuta ba amma na ji shi a ƙarƙashin wasiƙarka. Mutumin da tun yana yaro rayuwarsa ke tafiya da lokacin atisaye da ranar wasa, in aka ce masa saura wata biyu, tsoron safiyar farko da ba inda za shi yakan kama shi. Kujerar nan na yi maka alkawarin ba za ka bar ɗakin ba, ba za ka bar motar tafiya ba. Ka tabbata aikin kake so, ba zaman ɗakin ba. Shekara biyu da yara za su ba ka amsa. In ka ga ranka bai kwanta da tsayuwa a bakin layi ba, harkar na da faɗi. Michael Emenalo, ɗan bayan Najeriya a kofin duniya na 1994, yara yake koyarwa a Arizona ta Amurka kafin Chelsea ta ɗauke shi a 2007 yana leƙo mata asirin abokan karawa, ya ƙare yana daraktan wasanninta daga 2011 zuwa 2017.

In ka kai wa shugaba wannan tayi, lura da yadda zai karɓe shi. Wanda ke son ka zama kocinsa wata rana zai ji daɗi, ko da ya ɓata fuska da farko, kuma ba zai ji nauyin sa hannu a takarda ba. In kuwa ya fusata, ya ce ka ci amanar ƙungiya, ya janye har tayin matasan, to kada ka yi jayayya da shi kuma kada ka kai maganar ga 'yan jarida. Ƙarasa kakarka a matsayin kyaftin, karɓi haƙƙinka, yi rajistar kwas da kuɗinka, ka nemi wata makarantar ƙwallo ko ƙaramar ƙungiya da za ta ba ka yara da fili.